Katangar Jikinmu Kaurin Takarda Gare Ta, Mu Daina Kankare Ta da Magani

Akwai magunguna iri biyu da mutanen garin nan ba su ɗauka a bakin magani ba. Na farko shi ne man shafawa na cikin ɗan bututu, wanda ake saya saboda ƙaiƙayi ko ƙuraje ko neman hasken fata. Na biyu kuwa ƙwayar ciwon jiki ce, wadda magini da ɗan dako da mai tuƙa keke-napep ke afawa da yamma kamar goro. Likita zai tambayi majiyyaci, "Kana shan wani magani?" ya ce a'a, da zuciya ɗaya, alhali ya shekara biyu yana haɗiyar wannan ƙwaya kullum. Haka mace za ta ce ba ta amfani da komai, domin a wurinta abin da ake shafawa mai ne kawai. Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Tudun Wada da Rigasa, da wuya ka bi layi ka rasa inda za a miƙo maka su ba tare da an tambaye ka ko da sunan ciwon ba.

Matsayina a kan wannan a fili yake, a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti. Man da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi bai kamata ya bar kanti ba sai da takardar likita, kuma bai kamata a ƙulla wa kowa ƙwayoyin ciwon jiki a leda ba suna ba kwali ba. Na san akwai masu ganin wannan tsanani ne a ƙasar da ganin likita ke cinye yini guda da kuɗin cefane. Hujjarsu tana da nauyi, zan kuma zo kanta. Amma kafin nan ina so mai karatu ya san abin da waɗannan magunguna ke taɓawa a jikinsa.

Abin da madubin likita ke nunawa

Duk inda jikin ɗan Adam ya haɗu da duniyar waje, akwai wani siririn tantani da ke shiga tsakani. Shi ne saman fata. Shi ne ya lulluɓe cikin baki da maƙogwaro da tumbi da hanji har mafita. Yana cikin hanci da hanyoyin iska da huhu, yana cikin mafitsara da bakin mahaifa da 'yan mitsi-mitsin bututan ƙoda. Masana suna kiransa efiteliyam, sunan da wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Holan, Frederik Ruysch, ya raɗa masa a farkon ƙarni na 18. Tuwon da ke cikin hanjinka, a haƙiƙa, bai shiga jikinka ba tukuna. Yana zaure ne, yana jiran wannan tantani ya yi masa iso.

Idan aka ɗauki ɗan ƙanƙanin yanki aka rina shi, aka sa shi ƙarƙashin madubin likita, abin da za a gani ya yi kama da gini. Ƙwayoyin halitta ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, babu sarari a tsakaninsu. Zan riƙa kiransu tubala, don kada a rikita su da ƙwayar magani. Kowane tubali a ɗinke yake da maƙwabcinsa. Kusa da samansa akwai wani matsattsen ɗinki da ke hana ruwa da ƙwayoyin cuta silalewa ta tsakani, ƙasa da shi kuma akwai wasu maɗaurai kamar maɓallan riga da ke hana jeren yagewa idan an ja shi. Dukansu suna zaune a kan wata siririyar tabarma da ta raba su da naman da ke ƙasa. Kowane tubali kuma ya san samansa da ƙasansa, fuskar da ke kallon waje da aikinta, wadda ke kan tabarma da nata.

Abubuwa biyu game da wannan gini su ne ginshiƙin maganata. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa; abincinsa da iskarsa daga ƙarƙashin tabarma suke tsattsafowa. Shi ya sa ƙwarzane na sama-sama ba ya jini, shi ya sa kuma duk abin da ya rage gudun jini a ƙasa ya jefa tantanin cikin yunwa. Sannan ba ya daina sabunta kansa. Na hanji yana sauyawa kaf cikin kwana 3 zuwa 5. Na saman fata yakan ɗauki kimanin wata guda, ya fi haka ga dattijai. Katanga ce da ake yi wa yaɓe kullum, kuma ranar da magina suka yi sanyi ba sai an kawo diga ba, da kanta za ta zaizaye.

Siffar tubalan tana bin aikin wurin. A can ƙuryar huhu, inda 'yan jakunkunan iska suke miliyan 300 zuwa 500, tubalan a baje suke, falle ɗaya, tsakanin iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A ƙoda dunƙulallu ne kamar magi. Ƙodar mutum tana tace ruwa kimanin lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita bai fi lita 1 zuwa 2 ba. Ragowar duka waɗannan tubalan ne ke mayar da shi cikin jini. A hanji dogaye ne a tsaye, kansu kamar buroshi don tsotse abinci. A hanyoyin iska kuma suna da wani gashi da ke kaɗawa fiye da sau 10 a sakan guda, yana tura majina da ƙurar da ta kama zuwa maƙogwaro.

Mu mazauna Kaduna mun san aikin waɗannan masu shara ko da ba mu san sunansu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko da ƙurarsa iska ta bushe, majina takan yi kauri, gashin ya gaza tura ta, tantanin hanci ya tsattsage. Sai haɓo da tari da mura. Masana suna danganta yawaitar sanƙarau da rani da wannan tsagewa, domin ƙwayar cutar takan zauna a maƙogwaron lafiyayye ba ta yi masa komai ba har sai ta sami kafa. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ita ma tabarmar ba ƙaramin aiki take yi ba. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ciwon daji daga wannan tantani yake farawa, kuma muddin tubalan da suka lalace ba su keta tabarmar ba, ciwon bai sami hanyar yaɗuwa ba. A bakin mahaifa wannan zaman jira yakan kai shekara 15 zuwa 20. Dalilin da ya sa gwaji ke ceton rai ke nan, dalilin kuma da ya sa rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a jihar Kaduna a watan Mayun 2024 ya cancanci kulawar iyaye. Wannan zance ne mai zaman kansa, na ratsa ta kansa ne kawai.

Abin da man ke yi wa fata

Saman fata a mafi yawan jiki kaurinsa bai wuce na fallen takarda ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. A fatar ido ya fi haka siranta, a tafin ƙafa yakan haura milimita guda. A nan tubalan hawa-hawa suke. Na ƙasa, waɗanda ke kan tabarma, su ne masu haihuwa. 'Ya'yansu suna hawa sama sannu a hankali, suna cika da wani abu mai tauri dangin na farce, suna bajewa, har su mutu. Matattun nan, hawa 15 zuwa 20, da wani kitse da ya cike tsakaninsu kamar siminti, su ne ainihin garkuwar. Suna hana ruwan jiki ƙafewa, suna hana na waje shiga. Furu-furun da muke gani a ƙafar yaro da hunturu su ne suka bushe suka tashi.

A cikin jeren ƙasa akwai wasu tubala na daban masu yin launi. Adadinsu kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Bature. Bambancin yana ga yawan launin da suke yi da irinsa. Kowane guda yana raba launi ga maƙwabta kusan 36, su kuma su ɗora shi a saman cibiyarsu, inda kundin halittarsu yake, kamar malafa. Aikin wannan malafa shi ne tare hasken rana mai lalata kundin. Mai neman shaida ya dubi 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda ba su da ita, da yadda ciwon dajin fata ke kama su tun da ƙuruciya a ƙasashenmu. Malafar nan ce mai bilicin ke biyan kuɗi a cire masa, a garin da rana ke tsayawa tsakar ka.

Sitiroyid na shafawa magani ne na gaske, kuma ba na gaba da shi. Tun shekarar 1952, da likitoci biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa haidurokotison yana kwantar da kumburin fata, ya sauwaƙe wa ɗimbin masu fama da kirci da makamantansa. Sai dai danginsa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Haidurokotison ne ƙaraminsu, betametason ya fi shi nesa, kulobetasol kuwa ya ninka shi sau ɗaruruwa. Ƙa'idar kulobetasol ita ce a shafa kaɗan a ƙayyadadden wuri, ban da fuska da hammata da matsematsi, na mako 2 zuwa 4, kada ya wuce giram 50 a mako, kuma kada ya kusanci jariri. To a kwatanta wannan da yadda ake matse bututu uku ko huɗu cikin babbar robar man shafawa, a juya, a mulke jiki tun daga goshi har diddige, safe da dare, shekara da shekaru.

Da ya ratsa, yakan tsuke jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin tabarma, shi ya sa fata ke yin fayau cikin kwanaki kaɗan. Yakan rage haihuwar tubalan ƙasa, ya rage kitsen da ke tsakanin na sama, ya hana naman ƙasa saƙa zaren da ke riƙe fata, ya kuma kwantar da dakarun da ke gadin wurin. Hasken da ake yabo a makon farko hasken bango ne da aka kankare wa yaɓe. Bayan watanni sai fata ta sirance har a riƙa hango jijiyoyi, ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta, ƙuraje su feso a fuska, gashi ya tsiro inda ba a so, nankarwa mai faɗi ta keto a hammata da cinya. Nankarwar nan yagewar naman ƙasa ce, ba ta komawa. Likitocin tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata: zare yana yanka ta, rauni yana jinkirin haɗewa. Duk mai juna biyu da ke shafa irin wannan mai ya kamata ta tuna cewa haihuwa takan zo da aiki ba shiri.

Mayukan nan masu haɗi uku su ne suka fi shiga gidaje, domin ana ganinsu maganin komai: a ciki akwai maganin fangas, akwai na bakteriya, akwai sitiroyid. Yaro ya fito da makero, a shafa masa, kwana biyu ƙaiƙayi ya tsaya, uwa ta yi murna. Amma sitiroyid ya kori masu gadi, fangas ya ci gaba da bazuwa, zoben ya sake kama har likita ya kasa gane shi. Likitoci a Ingila sun bayyana wannan tun 1968. Makeron kai kuwa babu man da ke warkar da shi, saboda fangas ɗin yana cikin gashi har saiwarsa, sai maganin sha na makonni. Ƙazuwa ma haka, ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata, kuma babu ɗaya cikin ukun da ke kashe shi. A Indiya an daɗe ana sayar da irin waɗannan mayuka ba ƙa'ida. Sai ga wani nau'in fangas da ke bijire wa tabinafin, babban maganin makero. An ba shi suna a 2020, kuma tuni ya isa Turai da Amurka. Likitocin fata na can suna ɗora babban kaso na laifin a kan mayukan. Sawunsu muke bi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarirai. Fatar jariri ta fi siranta, faɗinta idan aka gwada da nauyinsa ya fi na babba nesa ba kusa ba, ga famfas da ke rufe wurin da ɗumi da danshi, maganin ya ƙara samun hanyar shiga. Abin da ya ratsa kuwa jini ya nufa. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai yin sitiroyid na halitta, kuma idan na waje ya yawaita sai ya kwanta barci. Fuskar yaro ta cika ta yi zagaye, dangi su riƙa cewa tubarkalla ya yi ƙiba, alhali girma ya tsaya kuma ƙaramar cuta na iya kayar da shi. Ga manya, dogon amfani yana iya tayar da hawan jini da suga. Kusa da ido kuwa yana jawo yana da hawan jinin ido, wanda ba ya ciwo, kuma ganin da ya cinye ba ya dawowa. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan garinmu ta wajen Mando. Duk wadda ta daɗe tana shafa irin wannan mai a fuska ta je a auna mata, kada garin neman gira a rasa ido.

Sauran 'yan rakiyar bilicin biyu ne. Haidurokwinon yana toshe sinadarin da tubalan launi ke aiki da shi, kuma likitan fata na iya ba da shi na 'yan watanni saboda tabo. Idan aka daɗe a kansa sai ya juya, ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, wanda likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana a 1975, mai wuyar magani har yau. Zaiba kuwa tana ratsa fata ta taru a ƙoda, ta taɓa jijiyoyi, ta ƙetare zuwa ɗan tayi, har takan shafi sauran mutanen gida ta tawul da zanin gado. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta ɗaure ƙasashen duniya su kawar da ita daga kayan kwalliya, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin da ake yi a gida ko a shagon gyaran jiki, a zuba a roba ba rubutu, a ce da kurkum da madara da zuma aka yi. A nan ilimin tubala yana da amfani. Tunda saman fata yana buƙatar kusan wata guda kafin ya sauya, duk haɗin da ya sauya launin amarya cikin kwana bakwai abin tuhuma ne. Ba kuma mata kaɗai za a ɗora wa alhaki ba. Akwai maza masu shafawa, akwai kuma masu yabon fara a gaban matansu da 'ya'yansu, sannan su zo suna mamakin kuɗin asibiti.

Tumbi da ƙwayar ciwon jiki

Tumbi yana zuba ruwan asid mai ƙarfin narkar da nama, shi kansa kuma nama ne. Abin da ya hana shi cin kansa falle ɗaya ne na dogayen tubala, da majina mai kauri da suke fitarwa, da wani sinadari dangin kanwa da ke kashe kaifin asid a ƙarƙashin majinar, da jini mai gudu a ƙasan tabarma. Duk waɗannan suna aiki ne da umarnin wasu 'yan aike da ake kira furostagilandin. Waɗannan 'yan aiken dai su ne ke rura ciwo da kumburi a gaɓoɓi. A 1971 John Vane ya gano a Landan cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki yin su, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. Dikulofenak da ibufurofen da firoksikam duk haka suke. Hanyar da suke bi su kashe ciwon baya ita ce hanyar da suke bi su kwance wa tumbi garkuwa.

Daga wannan abubuwa suka biyo baya da mutane da yawa ba su sani ba. Maganin ba sai ya taɓa tumbi ba, ta jini yake yin ɓarnar, don haka allurar dikulofenak ba ta kuɓutar da kowa ba. Cin abinci kafin a sha yana rage zafin ciki, amma bai kawar da hatsarin gyambo ba. Haɗa iri biyu ba ya ƙara kashe ciwo a zo a gani, sai dai ya ƙara ɓarna. Idan aka kwance ƙullin ledar nan da ake kira haɗi, sau da yawa abin da ake tararwa ke nan, iri biyu na dangi ɗaya, wani lokaci har da deksametason, wanda masu neman ƙiba suka sani cikin sha-ka-fashe. Mafi muni, gyambon da waɗannan ƙwayoyi ke haifarwa yakan zo shiru, musamman ga tsofaffi. Alamar farko tana iya zama bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aman jini, ko jiri idan an miƙe. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ba gobe ba.

Ƙoda ma tana cikin lissafin. Idan jiki ya rasa ruwa, kamar a zafin Maris da Afrilu, ko ga mai azumi, ko mai gudawa, 'yan aiken nan ne ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Leburan da ya yini a rana yana zufa, ya dawo ya afa ƙwaya biyu da ɗan ruwan leda, ya toshe wannan hanya a daidai lokacin da tubalan ƙodarsa suka fi buƙatarta. Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da dattijo, da mai ciki da ya tsufa, kada su sha waɗannan sai likita ya ce.

Bari in ƙara da wani abu kan gyambon ciki, tunda har yanzu yunwa da yaji ake zargi. Manyan sanadinsa biyu ne: waɗannan ƙwayoyi, da wata ƙwayar bakteriya mai zama ƙarƙashin majinar tumbi, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980, suka sami lambar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani na kimanin mako biyu. Mai ɗauke da ita da ya ƙara da ƙwayar ciwon jiki ya haɗa wa tumbinsa maƙiya biyu.

Hujjar masu cewa a bar talaka

Suna cewa likitocin fata ƙalilan ne, layin asibiti ya yi tsawo, mai kemis na unguwa shi ne ke buɗe da dare, shi ke ba da bashi, shi ya san kowa. Duk gaskiya ne, kuma ba na cikin masu raina aikinsa. Amma hujjar ta ginu ne a kan zaton cewa idan an hana mai mai ƙarfi talaka zai koma hannu rabbana, alhali a kan kantar nan guda akwai abin da ya fi dacewa, kuma sau da yawa bai fi tsada ba. Makeron jiki yana jin kulotirimazol zalla, a shafa mako 2 zuwa 4. Kurjin famfas yana jin man zinki ko basilin, da yawan sauyawa, da barin wurin ya sha iska. Ƙazuwa tana da nata maganin, wanda ake yi wa duk mutanen gida rana guda. Bushewar fata man kaɗanya ya ishe ta. Ciwon jiki na gajiya farasitamol yana rage shi ba tare da kwance wa tumbi garkuwa ba, muddin babba bai wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini ba, don shi ma idan ya yi yawa hanta yake ci. Wanda aka sayar wa mai haɗi uku saboda sauƙi shi ne zai biya sau biyu, na man da na gyaran ɓarnarsa.

Ba ma sabuwar doka ake buƙata ba. Lasisin da hukumar PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna, ke bai wa masu kemis ya taƙaita su ne ga magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin mazubinsu na asali. Sitiroyid mai ƙarfi ba ya cikin wannan rukuni, ƙullin leda kuwa ya saɓa wa sharaɗin tun daga tushe. Rufe ƙananan shaguna jefi-jefi ba zai yi tasiri ba muddin masu sari suna sayar da katan-katan ga duk wanda ya zo da kuɗi, har da masu shagon kayan kwalliya. A can ya kamata a sa ido. Ina kuma ganin lokaci ya yi da hukuma za ta sake duba dalilin yi wa mai haɗi uku mai ɗauke da kulobetasol rajista, domin cututtukan da ke buƙatar ukun a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. Nauyin da ke kanmu masu harhaɗa magunguna ya fi na mai kemis, tunda mu mun karanta. Tambayar waye zai shafa, a ina, kuma tun yaushe, ba ta cin minti guda.

Ga wanda ya riga ya daɗe a kai

Kada a daina farat ɗaya. Fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore idan an yanke mata shi, ta yi ja, ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi, ta riƙa ɓarewa, kuma wannan boren ne ke mayar da mutane kan man suna zaton shi ne maganin. Idan an daɗe ana shafe jiki duka, ƙullutun saman ƙoda ma yana buƙatar lokaci kafin ya farka. A je asibiti, ko Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Babban Asibitin Kawo, ko Shika ga wanda aka tura, a tafi da bututun ko robar a hannu ba tare da jin kunya ba. A duba jikin kwalin: sunan sinadarin da ya ƙare da haruffan "sone" ko "sol" ko "lone" yawanci sitiroyid ne. Likita zai sauko da mutum mataki-mataki zuwa mai mara ƙarfi har a rabu.

A shirya wa abin da zai biyo baya. Launi zai dawo, wani lokaci ya fi na da duhu na ɗan lokaci. Kaurin fata yana farfaɗowa cikin watanni, tunda tubalan ƙasa suna nan da rai. A wannan tsakani a guji rana tsaka, a ajiye soso mai kaushi da sabulu mai kaifi, a shafa man kaɗanya ko basilin da an fito wanka jiki da sauran danshi. Duk wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likita abin da yake shafawa da abin da yake afawa, ko ba a tambaye shi ba.

Wanda kuma likita ya rubuta wa sitiroyid saboda ciwo na gaske, kada wannan rubutu ya tsorata shi ya ƙi shafawa. Ma'aunin yana kan yatsa: abin da aka matso daga kan ɗan manuni zuwa gaɓarsa ta farko kimanin rabin giram ne, kuma ya ishi wurin da tafin hannun babba biyu za su rufe. A rubuta ranar farawa da ranar da aka ce a tsaya a jikin kwalin. Idan kwanakin sun cika ciwon bai tafi ba, a koma wurin likita da ragowar, kada a miƙa wa maƙwabciya don ɗanta ma yana susa.